Wata goma da tiyata, har yau ban bari ya ga wurin ba

Maman Yusra, Gadarif

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ina rubuta saƙon nan ina gogewa. Yau na ce bari in tura, tunda zauren mata ne zalla, kuma na san akwai waɗanda suka riga ni bin wannan hanya.

Wata goma ke nan da aka cire mini nonon hagu saboda sankara, aka haɗa da kaluluwar hammata. Na yi kimawi, wato maganin da ake ƙara mana ta jijiya, sau shida. Na yi gashin haske, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura, a garin Marawi, na gama wata biyu da suka wuce. Yanzu ina shan tamoxifen kullum, ƙwayar da ake bayarwa don kada ciwon ya dawo. Likita ya ce alhamdulillahi abubuwa na tafiya daidai, gashin kaina ma ya fara tsirowa. Kowa ya gan ni sai ya ce barka, kin warke.

Amma ni ban san matar da ta warken ba. Madubin jikin kabad ɗina na rataye masa tsohon tob, wato lafaya, tun ranar da na dawo gida. Wanka kafin asuba nake yi, ba fitila, in sa soso ya wuce wurin da sauri kamar jikin wata nake wankewa. Shekarata 38, shekara 16 da aure, yara huɗu, duk da nonon nan na shayar da su.

Abban Yusra bai rage ni da komai ba. Raksha, babur ɗinsa mai ƙafa uku da muka tsira da ita daga Madani a yaƙin Sudan a Disambar 2023, ita ya sayar aka yi mini magani. Shi ke tuna mini da ƙwaya. Amma tun da aka yi aikin ya fitar da angarib ɗinsa, wato gadon igiya, tsakar gida, ya ce don in sake. Har yau yana can. Ko hannuna bai riƙe ba sai in zai taimaka mini in hau mota. Ni ma ban taɓa barin ya ga wurin ba. Don Allah waɗanda suka sani su faɗa mini gaskiya: ƙyama ce ko tausayi? Kuma zan iya komawa dukhan, wato zama a kan ramin hayaƙin itacen ƙamshi? Wallahi kewar ƙamshin jikina nake yi.

Hajja Inna, Mai Wurno

Wa alaikumussalam 'yata. Sannu, Allah ya sa kaffara ne. Ki gode wa Allah da ya bar ki a kan 'ya'yanki, mu nan mun binne mata da yawa da ciwon nan ya ci saboda sun ɓoye shi har ya fashe. Mijin da ya sayar da abin neman abincinsa dominki ba mai ƙyamarki ba ne. Shawarata, kada ki tayar masa da zancen, mace ba ta buɗe baki a kan irin wannan. Ki haƙa raminki, ki sa itacen ɗalhi, ki shafa humra, ki sa rigar barci mai rufe ƙirji, ki kashe fitila. Zai dawo da ƙafarsa. Wurin kuma ki bar shi a rufe, ba sai ya gani ba. Namiji ido gare shi, abin da ya gani ba ya mancewa.

Ummu Tasnim, Kasala

Hajja, Allah ya ƙara girma, ki yi mini afuwa, a nan zan saɓa miki. Shekarata huɗu da tiyata, nonon dama aka cire mini. Shawarar nan taki ita na bi wata tara cur. Na yi ƙamshi, na kashe fitila, na jira. Bai zo ba. Kullum dare ina kwance ina lissafin laifin jikina, ina cewa shi ke nan, na zama 'yar uwarsa ta jini.

Ranar da abin ya ishe ni, ina soya masa bun, wato 'ya'yan gahawa, bayan la'asar, yara sun tafi islamiyya, kawai na ce, Malam, na daina yi maka kyau ne? Sai ya ajiye finjalin hannunsa yana kallona kamar na mare shi. Kun san me ya ce? Wai wata gwaggonsa ce ta ja shi gefe a asibiti ta ce in ya kusance ni ciwon zai tashi ya koma ɗaya nonon, kuma ɗinkin zai iya ɓarkewa. Wata tara bawan Allah yana danne kansa don kada ya kashe ni, ni kuma ina ɗaki ina kukan ya tsane ni. Bango ɗaya ne tsakaninmu.

Nuna masa kuwa da rana na yi, ba da dare ba. Na ce gara ya gani da haske sau ɗaya da ya yi ta zana shi a ransa. Jikina rawa yake yi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsu biyu a kan tabon ya bi shi daga tsakiyar ƙirji har hammata, ya ce, yana miki ciwo? Na ce a'a, ba na ma jin hannunka. Wannan ce ta sa shi kuka, ba tabon ba.

Maman Yusra, ban ce naki haka yake ba. Amma ba za ki sani ba sai kin tambaya.

Hajja Inna, Mai Wurno

Ke kin yi sa'a, 'yata. In da ya gani ya juya baya fa? Sai ki ce wa ya aike ki. Ni tsoron da nake ji mata ke nan.

Sista Ummi, Bur Sudan

Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin masu sankara. Bari in fara da abin da gwaggon nan ta faɗa, don na ji shi daga bakin maza ya fi a ƙirga. Sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ta saduwa ba, ba ta kwano ba, ba ta tawul ba. Saduwa ba ta tayar da ita kuma ba ta mayar da ita ɗaya nonon. Da zarar miki ya haɗe, an cire robar da ke tsotse ruwa, mace ta ji ƙarfin jikinta, ba abin da ya hana. Wata goma kuwa ɗinki ya daɗe da zama fata. Lokacin da ake cikin kimawi ne kawai muke cewa a sa kwaroron roba na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye, saboda ragowar maganin da ke fita ta ruwan jiki.

Rashin jin taɓin da Ummu Tasnim ta faɗa, ƙananan jijiyoyin fata ne ake yankewa wajen aikin. Wasu ji yana ɗan dawo musu a hankali, wasu wurin ya zauna a mace, wasu su riƙa jin tsira kamar allura, har akwai masu jin ƙaiƙayi a kan nonon da babu shi. Ba aljanu ba ne, ba kuma ciwon ne ya dawo ba. Amma sabon ƙullutu ko ƙurji a kan tabon, wannan a kai wa likita.

Abu ɗaya da nake roƙonki, Maman Yusra. Ko al'adarki ta ɗauke bayan kimawi, kina iya ɗaukar ciki, kuma tamoxifen yana cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tsarin iyali da allura da ashanar hannu duk suna da sinadarin hormon, ba a ba wa mai sankarar nono su. Abin da ya rage shi ne laulab na jan ƙarfe da ake sawa a mahaifa, ko kwaroron roba. Ki gyara wannan tun kafin angarib ya dawo ɗaki.

Maman Yusra, Gadarif

Sista Allah ya saka. Wallahi ba wanda ya taɓa gaya mini zancen ciki, na ɗauka na gama da wannan. To dukhan fa?

Sista Ummi, Bur Sudan

Dukhan ki ɗan dakata, ƙanwata. Fatar da aka gasa tana daɗewa ba ta koma daidai ba, kuma tunda ba kya jin wurin sosai, za ki iya ƙonewa a ƙarƙashin shamla, bargon da ake lulluɓa da shi, ba ki sani ba. Ga hannun hagu: kaluluwar da aka cire ita ce magudanar ruwan hannun, zafi mai yawa na iya sa shi kumbura, in ya kumbura kuma wuyar sauka gare shi. Dilka kada ta taɓa ƙirji da hammatar, halawa ma haka. Lalle ki yi na ganye zalla a wannan hannun, ban da baƙin rinin da masu zane ke haɗawa, yana tayar da bororo. Ki tambayi likitanki kai tsaye, ki ce masa dukhan, ɗan ƙasa ne, ya san me kike nufi.

Hajja Inna, Mai Wurno

Matar aure ba dukhan? Mu da shi muka tashi, har don ciwon gaɓɓai muke yin sa. Yanzu komai sai ku ce likita.

Ummu Tasnim, Kasala

Hajja ba a hana ta ƙamshi ba ai. Ni abin da na yi shekarar farko, sai in turara tob ɗina da zanin gado da rigar barci da itacen shaf da sandaliyya, in shafa humra a wuya da bayan kunne da ƙafafu. Daga baya likitata ta yarda in zauna na ɗan lokaci da wuta kaɗan, in ɗaura shamla daga ƙugu zuwa ƙasa. Ranar da na fara jin wannan ƙamshin a jikina kuma, ni kaina na fara yi wa kwalliya kafin Malam.

Maman Walid, Damazin

Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Ku yi haƙuri, ba kowa ce ke da labari mai daɗi ba, kada a sa wa baiwar Allah rai. Ni na nuna. Na yi duk abin da kuke faɗa. Ya kalla, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita. Ban gama kimawi ba, kaina ƙwal ba gashi, ina amai a bokiti, aka kai kuɗin aurensa. 'Yan uwansa suka ce ai uzuri gare shi. Yanzu kwanana kwana ne a baki kawai, ya zo ya ci abinci ya juya wa bango fuska. Shekara biyu. Ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyata ba, sai yau.

Abin da ya fi ci mini rai ba amaryar ba ce. Wata rana na ji ƙanwarsa tana nuna ni ga baƙuwa tana cewa, ita ce mai nono ɗayan. Sunana ya ɓace a gidan da na yi shekara 20.

Maman Yusra, Gadarif

Innalillahi. Yaya, na rasa abin da zan ce. Allah ya bi miki haƙƙinki. Wannan ne ainihin abin da ya hana ni cire tob daga madubi.

Hajja Inna, Mai Wurno

Kun gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Amma 'yata Maman Walid, aure dai halal ne, ba za mu ce ya yi haram ba.

Malama Ummu Anas, Madani

Hajja, ba wadda ta ce ƙarin aure haram ne. Amma wanda ya halatta shi ya ɗaura masa adalci, kuma shimfiɗa haƙƙin mace ce kamar yadda take haƙƙin namiji. Kwanan da za a juya wa mace baya shekara biyu ba rabon kwana ba ne. A cikin Baƙara, aya ta 187, Allah ya kira ma'aurata tufafin juna. Tufa kuwa wurin da ya ji rauni ya fi buƙatarta. Maman Walid, kina da damar ki sa babban da yake jin nauyinsa ya zaunar da shi, wannan ba rashin kunya ba ne. Ita kuma ƙanwar tasa, kiran mutum da laƙabin da yake ƙi, Alƙur'ani ya hana shi a fili cikin Hujurati.

Sannan ni ban yarda cewa nunawar ce ta kore shi ba. Wanda ya kai kuɗin aure matarsa na amai a bokiti, ko da ta rufe wurin da ƙyalle bakwai tafiya zai yi.

Maman Walid, Damazin

Malama, wannan kalmar taki ta ƙarshe. Shekara biyu ina cewa da ban buɗe ba. Bari in tashi, hawaye ya hana ni ganin rubutu.

'Yar Auta, Kosti

Iyayena ku ba ni dama. Ni ban yi aure ba, shekarata 27. Ba a cire mini duka ba, ƙullutun aka yanke da ɗan naman gefensa, sai gashin haske. Amma nonon ya ƙanƙance, ya ɗan lotsa, fatar ta yi duhu, duk wanda ya gani zai san an taɓa. Akwai mai nemana, mutumin kirki, iyaye sun fara magana. Ummata ta ce in rufe bakina har a ɗaura. Ni kuma ba na barci. In faɗa masa yaushe? Kuma an ce ana iya gyara nono da tiyata, shin ba canja halittar Allah ba ne?

Malama Ummu Anas, Madani

'Yata, faɗa masa kafin a ɗaura, kuma da bakinki, kada ya ji a wajen wata. Ba don ke kaya ce mai aibi ba, sai don akwai magani na shekaru a gabanki da maganar jinkirta haihuwa, kuma waɗannan rayuwarsa ce shi ma. Ummanki tsoro take ji miki, ki lallaɓa ta.

Gyara kuwa, malamai sun bambanta tsakanin ƙarin ado da mayar da abin da cuta ko rauni ya ɓata. Hujjarsu sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Mayar da nonon da sankara ta ci yana cikin wannan babin.

Sista Ummi, Bur Sudan

In ƙara a kan na Malama. Gyaran iri biyu ne, ko a sa jakar silikon a ƙarƙashin fata ko tsoka, ko a ɗebo naman mace daga mara ko baya a gina da shi. Yana mayar da siffa a cikin riga, amma ba ya mayar da ji kamar da, gara a san wannan tun farko. Ga tsada, kuma a halin da ƙasa ke ciki tun Afrilun 2023 wasu masu yi Masar suke fita. Mace ba ta rage komai ba in ta ce ba ta so. 'Yar Auta, da yawa masu irin naki suna aure suna haihuwa bayan likita ya ba da lokaci, kuma ɗaya nonon yana shayarwa.

Maman Hanan, Sinnar

Ni dai abin da ban ji an taɓo ba shi ne bushewa. Ku gafarce ni, amma tunda aka buɗe a gama. Ni ƙwayar letrozole nake sha maimakon tamoxifen don al'adata ta riga ta tsaya. Maigidana bai guje ni ba, ni ce nake gudunsa, saboda zafi kamar ana yanka ni, sha'awa kuma ta tafi gaba ɗaya. Wata maƙwabciya ta kawo mini haɗin matsi da na sha daga Kano, ta ce ni'ima za ta dawo. In gwada?

Sista Ummi, Bur Sudan

Kada ki gwada, Yaya, na roƙe ki. Maganin da kike sha aikinsa ke nan ya rage sinadarin mata a jiki, don irin sankararki da shi take girma, shi ya sa bushewar. Haɗin da ba a san me ke ciki ba yana iya yi wa maganin kishiya, matsi kuma a busasshiyar fata sai ya tsage ta ya kawo ƙwayar cuta. Ki je kantin magani ki nemi man santsi mai ruwa-ruwa na ma'aurata, akwai kuma na damshi da ake shafawa duk bayan kwana biyu ko uku ko ba a kusanci juna ba. In bai isa ba ki gaya wa likitan sankararki, akwai abin da zai iya rubutawa, amma shi kaɗai ke da wannan hukuncin. Kuma ki faɗa wa maigida cewa zafi kike ji. Shi yanzu wataƙila yana can yana zaton kin daina sonsa ne. Ba dole kowane dare ya kai ƙarshe ba, a fara da tausar ƙafa da hira a shimfiɗa ɗaya.

Masu shan tamoxifen kuma, duk jinin da ya zo ba lokacinsa ba, kada a zauna da shi.

Hajja Inna, Mai Wurno

To. Ni tsohuwa ce, a zamaninmu ko sunan ciwon ba a faɗa, sai a ce mugun ƙurji. Ƙanwata da shi ta rasu, mijinta bai san me ke ƙarƙashin zaninta ba sai da wari ya fito. Na tuna ta yau. Har yanzu ina ganin a bi a hankali, kada a buɗe komai rana ɗaya. Amma maganar, a yi ta.

Maman Yusra, Gadarif

Salamu alaikum, na dawo bayan kwana biyar. Ranar Juma'a da dare da yara suka yi barci na ɗauki tabarma na fita tsakar gida na zauna gefen angarib ɗinsa. Na kasa faɗar abin da na shirya. Sai na ce, Abban Yusra, sanyi ya fara, ba za ka shigo ba? Ya yi shiru har na ɗauka barci yake. Can ya ce, ke ce kika rufe madubi. Ya ce ranar da ya ga tob a kan madubin ya gane ba na son ido, sai ya ɗauke nasa. Ya ce kullum da asuba yana jin ƙarar ruwana a cikin duhu, yana so ya miƙo mini fitila, yana tsoron in ji kunya.

Na tambaye shi ko wani ya ce masa ana ɗauka. Ya ce an faɗa, bai yarda ba, amma maganar ɗinki ta tsaya masa a rai. Na karanta masa abin da Sista ta rubuta.

Ya shigo da angarib ɗin a daren. Ba abin da ya faru, kuma ban nuna masa ba tukuna, ban shirya ba, ya ce ba gaggawa. Hannuna dai ya riƙe har na yi barci. Jiya na ɗage tob ɗin daga madubi, na tsaya da riga a jikina, ban iya cirewa ba. Abin da na lura kafaɗata ta hagu ta ɗan ɗage sama, kuma tsumman da nake cusawa a rigar mama ya haura har kusa da wuya. Ashe haka nake yawo cikin mutane. Ranar Talata za mu je asibiti tare a kan maganar laulab.

Maman Walid, kina raina tun ranar. Ki turo mini saƙo ta gefe don Allah.

Ummu Tasnim, Kasala

Alhamdulillah. Tsumma ba ya zama, ƙanwata, ba shi da nauyi. Na silikon ya fi daidaita kafaɗa amma a zafinmu gumi yake tarawa, ni sai in zan fita biki nake sa shi. Na kullum saƙa shi nake yi da zaren auduga, in cika da auduga, in sa 'yar jakar shinkafa a ƙasa don ya zauna, in ɗinka masa aljihu a cikin rigar mama. Ki turo mini lambar rigar mamanki, in saƙa miki biyu, ɗaya a jiki ɗaya a wanki. Akwai direban bas ɗin Gadarif da muke ba wa saƙo, zai iso miki kafin Juma'a in sha Allah.

Maman Walid, Damazin

Na turo miki, Maman Yusra. Ummu Tasnim, in zaren ya ragu, ni ma nonon dama aka cire mini.